Daga ɗakin bincike zuwa kantin magani: Darasi daga Amurka

Duk wanda ya san jami'o'in ƙasar nan ya san yadda kundayen digiri ke jibge a ɗakunan karatu, ƙura ta lulluɓe su. A cikinsu akwai binciken da aka yi a kan saiwoyi da ganyayyaki da hanyoyin gano cuta, wanda da ya samu mai ɗaukar nauyinsa, da yanzu wani daga ciki yana kantin magani. A ganina ba masana muka rasa ba. Abin da muka rasa shi ne kuɗin da zai ɗauki bincike daga hannun malami, ya kai shi matsayin da ɗan kasuwa zai yarda ya zuba jarinsa. Banki ba ya ba da rance a kan maganin da ba a gwada ba, attajiri kuwa ba ya jiran shekara goma kafin ya ga riba.

Amurka, duk da ƙaurin sunan da ta yi wajen barin kasuwa ta yi halinta, ta daɗe da gane cewa wannan giɓi sai gwamnati ta cike shi. A 1982 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta kafa shirin SBIR, wato tallafin bincike ga ƙananan kamfanoni. Dokar ta tilasta wa duk hukumar tarayya da ke kashe fiye da dala miliyan 100 a shekara kan binciken da take bayarwa waje ta keɓe wani kaso ga kamfanonin da ma'aikatansu ba su wuce 500 ba. Kason ya yi ta ƙaruwa har ya kai 3.2 cikin ɗari a 2017. A 1992 aka ƙara wani shiri mai suna STTR, wanda ya wajabta wa kamfani haɗa gwiwa da jami'a ko cibiyar bincike. A fannin lafiya, hukumar binciken lafiya ta NIH ita kaɗai ta kai ga raba fiye da dala biliyan ɗaya a shekara ta waɗannan hanyoyi biyu.

Abin lura a nan shi ne tsarin rabon. Ba a damƙa wa kowa kuɗi gaba ɗaya. A matakin farko akan ba kamfani kimanin dala dubu 300 domin ya nuna cewa dabararsa za ta yiwu. In ya nuna, sai ya nemi mataki na biyu, mai kimanin dala miliyan 2, don ya gina samfur ya gwada shi. Daga nan sai ya shiga kasuwa neman masu jari. Masana ne ke tantance buƙatun. Kuɗin ba rance ba ne, gwamnati ba ta karɓar hannun jari, kuma haƙƙin ƙirƙira na kamfanin ne. Illumina, wanda ya zama jagora a duniya wajen na'urorin karanta ƙwayoyin gado, yana cikin waɗanda suka ci moriyar irin wannan tallafi tun suna ƙanana.

Ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu? Binciken da Sabrina Howell ta wallafa a 2017, a kan tallafin da ma'aikatar makamashi ta Amurka ta bayar, ya nuna cewa samun kuɗin matakin farko kusan yana ninka yiwuwar kamfani ya jawo masu zuba jari. Tun a 1999 kuma Josh Lerner na jami'ar Harvard ya gano cewa kamfanonin da suka samu tallafin sun fi takwarorinsu bunƙasa, amma a yankunan da dama akwai masu jari. Ashe ke nan tallafin gwamnati yana buɗe ƙofa ne kawai, dole a samu wanda zai karɓi kamfanin a gaba.

Shirin bai rasa aibu ba. An samu kamfanonin da suka mai da neman tallafi sana'a, suna karɓa shekara da shekaru ba tare da sun kai komai kasuwa ba. Shi ya sa da majalisar dokokin Amurka ta sabunta dokar a 2022 ta tsaurara sharuɗɗa a kansu. Saɓani a kan irin waɗannan gyare-gyare ne ma ya sa wa'adin dokar ya cika a ƙarshen Satumba na 2025 kafin 'yan majalisa su daidaita.

Me ya haɗa mu da wannan? Labarin Niprisan ya isa amsa. A shekarun 1990 cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar da wannan magani na rage raɗaɗin ciwon sikila, daga haɗin da ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen dawa. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka izinin sarrafa shi, ya fito kasuwa a 2006 da sunan Nicosan, sannan kamfanin ya durƙushe a 2008, maganin ya yi wuyar samu. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da May & Baker. Wannan ya faru ne a ƙasar da aka ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara. Ilmin ya samu, amma aka rataya shi a wuyan kamfani ɗaya tilo.

Muna da asusun TETFund, sai dai shi na manyan makarantun gwamnati ne, ƙaramin kamfani ba ya cikin lissafinsa. Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da tallafin binciken lafiya a 2020, lokacin annobar korona, amma shirin da ya dogara da ra'ayin shugaban hukuma yakan tafi tare da shi. Indiya kuwa ta kafa hukumar BIRAC a 2012, tana ba sababbin kamfanonin kimiyyar halittu har rufi miliyan 5 na tsawon wata 18 don su gwada dabarunsu. Ke nan ba sai ƙasa ta kai Amurka arziki take iya wannan ba.

Shawarata ga 'yan majalisar tarayya ita ce su yi doka da za ta keɓe ƙayyadadden kaso daga kuɗin binciken da ake da su yanzu ga ƙananan kamfanonin lafiya. A riƙa bayarwa mataki-mataki, masana su tantance, a wallafa sunan duk wanda ya karɓa da abin da ya yi da kuɗin, wanda ya gaza sau da yawa kuma a rufe masa ƙofa. A tanadi cewa malamin jami'a a Zariya ko Kano ko Maiduguri zai iya kafa kamfani da bincikensa ba tare da ya rasa aikinsa ba. Attajiranmu su ma su san cewa aikin zai iso gare su.

Da kamfanin GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya a 2023, masu asma da sauran marasa lafiya sun ji a jikinsu yadda farashi ya tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Maganin da muke so 'ya'yanmu su saya da sauƙi nan da shekara goma, yau ne za a fara biyan kuɗin gwada shi.