Tafiya Turkiyya: Kada mu bar ladabinmu a Daura

Wani ɗan uwana da ke sayar da abaya da kayan yara a Daura ya ba ni labarin abin da ya same shi a zuwansa na farko Istanbul. Safiyar 10 ga Nuwamba ce, yana tafe a unguwar Laleli, yana waya da yaron shagonsa kan wasu kuɗi da ba a turo ba. Sai jiniya ta ɗauka ta ko'ina. Motoci suka tsaya, direbobi suka fito, masu shaguna suka miƙe a bakin ƙofa, kowa ya ƙame. Gogan naka kuwa ya ci gaba da tafiya yana ɗaga murya, har sai da wani dattijo ya riƙe masa hannu, ya zuba masa ido ba tare da ya ce uffan ba.

Daga baya ne mai shagon da yake sari a wurinsa ya yi masa bayani. Da ƙarfe 9:05 na safiyar 10 ga Nuwamban 1938 Mustafa Kemal Ataturk, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, ya rasu. Duk shekara idan wannan lokaci ya yi, ƙasar kan tsaya cik don tunawa da shi.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, wannan ɗan uwa nawa ba ya shiga fadar Mai Martaba Sarkin Daura da takalmi, ba ya gaida dattijo a tsaye, ba ya miƙa wa kowa abu da hagu. Ladabi ya ishe shi. Tambaya ce kawai bai yi ba kafin ya hau jirgi. A ganina wannan ita ce matsalar da yawa daga cikinmu masu zuwa Turkiyya: muna tambayar farashin biza, tikiti, otal da kuɗin kago, amma ba ma tambayar yadda mutanen ƙasar suke.

Bai kamata mutumin Daura ya faɗa wannan rami ba, domin tarihin garinmu da baƙo ya fara. Bayajidda da ya sauka a gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa, ita ce ta fara gaya masa ƙa'idar gari: ba a ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a. Gaskiya ne ya je ya kashe macijiyar, ya kuma auri Daurama. Sai dai ba kowane baƙo ne ke taka ƙa'idar gari ya ƙare da auren sarauniya ba. Mafi yawa da kunya suke ƙarewa, wasu kuma a hannun 'yan sanda.

Turkiyyar fim da Turkiyyar zahiri

Da yawanmu ta cikin fim ɗin Ertugrul da ire-irensa muka san Turkiyya: dawaki, takubba, rawuna da kabbara. Wanda ya sauka Istanbul da wannan hoto a kansa zai sha mamaki. An kafa jamhuriya a 1923, aka soke halifanci a 1924, aka bar rubutun Larabci aka koma na boko a 1928, sannan a 1937 aka rubuta a tsarin mulki cewa gwamnati ba ta bin wani addini. Mafi yawan jama'a Musulmi ne, kiran sallah na tashi sau biyar, amma a titi ɗaya za ka ga mai hijabi da wadda ba ta rufe kai ba, wataƙila ma uwa da 'yarta ne. Ana sayar da giya a fili. A watan azumi akwai gidajen abincin da ke buɗe da rana.

Turkawa da kansu sun shafe kusan shekara ɗari suna jayayya kan waɗannan abubuwa. Baƙon da ya zo sarin kwana goma ba shi zai raba musu gardamar ba. Ka riƙe addininka, ka kame bakinka. Kuma kada ka kira su Larabawa, harshensu daban, tarihinsu daban, ba sa jin daɗin a haɗa.

Shayi kafin ciniki

Duk shagon da ka shiga a Laleli, Merter ko Osmanbey, ko kamfanin kayan ɗaki a Inegol, da wuya ka zauna ba a kawo maka shayi ba, baƙi, babu madara, a ɗan ƙaramin kofin gilashi. Matsayinsa ɗaya da ruwan da muke ba baƙo a zaure. Wanda ya ɗaga hannu ya ce "a'a, nawa ne dozin?" tamkar wanda ya shigo gidanka ne ya tsallake gaisuwa ya fara da buƙata. Ka karɓa ko da kurɓa biyu za ka yi. Shan shayin bai wajabta maka saye ba. Idan ya ishe ka, ka gicciya ƙaramin cokalin a bakin kofi, za su gane.

Kalmomi kaɗan suna buɗe ƙofa. Idan aka ce maka "hosh geldiniz", wato sannu da zuwa, amsar ita ce "hosh bulduk". Idan ka tarar da mutum yana aiki, ka ce "kolay gelsin", daidai da sannu da aiki ke nan. Namijin da ya girme ka "abi" ne, wato yaya, mace kuma "abla". Dattijo "amja", dattijuwa "teyze". Mu da muke ce wa sa'an uba Baba ko Kawu ko da ba mu san shi ba, wannan ba zai yi mana wuya ba.

Idan aka gayyace ka gida, takalmi a bakin ƙofa yake tsayawa, za a miƙo maka silifas na cikin gida. Kada ka je hannu rabbana, ɗan kwalin baklawa ko alewa ya wadatar. Za a iya zuba maka turaren lemon tsami a tafin hannu, shi ma maraba ce. Su ba sa durƙusawa wajen gaisuwa, yaro kan sumbaci hannun dattijo ya ɗora a goshinsa, musamman ranar Sallah. Ba dole ne ka yi haka ba, amma ka fara gaida babba. Idan mace ba ta miƙo hannu ba, ka ɗora naka a ƙirji. Idan ta miƙo kuma ba ka musabaha, ka yi hakan da murmushi, kada ka ja da baya kamar ka ga wuta.

Tsakin da ba zagi ba ne

A wurinmu tsaki raini ne. Baturke kuwa idan ya ɗaga haɓa sama, ya ɗaga gira, ya yi ɗan sauti da harshe mai kama da tsaki, "a'a" ko "babu" kawai yake nufi. Mutum nawa ne suka fita daga shago a fusace saboda wannan? Su ma suna da irin tasu daƙuwar: cusa babban yatsa tsakanin manuni da na tsakiya. Ko da wasa kada ka yi.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da ido ke gani: tsallake layi, tofar da yawu a titi, waya da ƙarfi a cikin jirgin ƙasa, zama a kujera tsohuwa na tsaye. Magen da ka gani kwance a ƙofar shago ko a harabar masallaci, mutanen unguwa ne ke ciyar da ita. Ka shure ta ka ga yadda fuskoki za su sauya.

A masallaci

Yawancin Turkawa 'yan mazhabar Hanafiyya ne, mu kuma Malikiyya muka tashi muka tarar. Za ka ga wutiri raka'a uku a haɗe, tarawihi raka'a ashirin, ba a ɗaga murya da amin, bayan sallama kuma ladan na jagorantar tasbihi. Limamai ma'aikatan hukumar Diyanet ne, wadda aka kafa a 1924. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar gyaranka. A manyan masallatai irin su Sultan Ahmet da Aya Sofiya, wanda aka mayar masallaci a 2020, kada ka kafa kyamara a fuskar mai sallah don ka samu abin ɗorawa a TikTok.

Idan ka samu lokaci ka je unguwar Eyup, inda kabarin Sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, wanda ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa a Madina. Birnin da ke alfahari da mai masaukin Annabi ya san darajar baƙo, sai baƙon ya san tasa.

Inda ladabi ya zama doka

Wasu abubuwan sun wuce jin kunya. Doka mai lamba 5816 ta shekarar 1951 ta tanadi ɗaurin shekara ɗaya zuwa uku ga wanda ya ci mutuncin Ataturk a bainar jama'a. Sashe na 299 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya zuwa huɗu kan zagin shugaban ƙasa. Wulaƙanta tuta ma laifi ne. Mu da muka saba zagin shugabanni a Facebook mu kwana lafiya, sai mu yi hattara. Haka nan ɗaukar tsohon dutse ko tsohon kwabo daga wurin tarihi a matsayin tsaraba na iya sa a tsare mutum a filin jirgi. Wanda ya wuce kwanakin bizarsa kuma, tara na jiransa, a wasu lokuta har da hana shi sake shiga ƙasar.

"Ai kuɗina na kai musu"

Na san wani zai ce shi ciniki ya je, dala ya kai, don me zai riƙa lallaɓa kowa? Kuma gaskiya ne, su ma ba mala'iku ba ne. Akwai direban tasin da zai zagaya da kai don mita ta hau, akwai mai shagon da zai nuna maka kaya ya ɗaure maka wani, akwai mai kallon baƙar fata a wulaƙance. Ladabi bai hana ka ƙirga kayanka, ka karɓi rasit, ka tsaya kan haƙƙinka ba.

Amma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa sari da amana yake tafiya. Mai shagon da ka sha shayinsa, ka tambayi lafiyar 'ya'yansa, shi ne zai ɗaga wayarka idan kaya suka iso Kwari ko Daura da matsala, shi ne wata rana zai ba ka kaya ka biya daga baya. Sannan ba kai kaɗai kake tafiya ba. Fasfo ɗin da ke hannunka shi ne a hannun ɗalibin da zai je karatu Ankara da majinyacin da za a kai asibiti bayanka. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Dangantakar yankinmu da birnin da kakanninmu ke kira Santambul ba ta yau ba ce. Tun ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Borno ya aika jakadu ga Sarkin Daular Usmaniyya. Marigayi Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya je Turkiyya a 2017 da 2021, Shugaba Erdogan kuma ya zo Najeriya a 2016 da 2021. Shugabanni sun buɗe hanya, amma halin matafiya ne zai sa ta ɗore.

Mu yi bita

Babu maniyyacin da ke tashi aikin Hajji daga Katsina ba a yi masa bita ba. Me zai hana kamfanonin shirya tafiye-tafiye, da suke karɓar kuɗinmu, su haɗa wa kowane fasinja shafi ɗaya da Hausa, ko saƙon murya na minti biyar a WhatsApp, kan abin yi da abin bari? Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Daura, Mai'adua, Zango da Ɓaure za su iya zaunar da sabon matafiyi da wanda ya daɗe yana zuwa, ko na yammaci ɗaya ne. Ɗalibanmu da suka yi karatu a can suna nan, sun iya harshen, a neme su.

Ɗan uwan nan nawa yanzu ya je Istanbul sau da dama. Ya ce min duk wanda ya zo neman shawararsa kan tafiyar, kafin su yi maganar kuɗin kago sai ya fara koya masa yadda ake cewa sannu da aiki.