Ga Ɗalibin Da Zai Sake Neman Kulliyar Likitanci



Duk lokacin da sakamakon shiga jami'a ya fito, iyaye kan tare mu a ƙofar masallaci da tambaya guda: yaro ya nemi likitanci bai samu ba, ya sake zama ne ko ya karɓi abin da aka ba shi? A 'yan shekarun nan tambayar ta ƙara nauyi. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya hana zaman jarrabawar shahada ta shekarar, sai a ƙarshen Disamba 2024 aka yi ta. Wad Madani da Rufa'a sun faɗa hannun dakarun RSF a Disamba 2023, sojoji ba su karɓo Madani ba sai Janairu 2025. Da yawan 'ya'yanmu a gudun hijira suka yi bita, a Gadarif ko Kasala, ba littafi ba malami. Wanda ya gaza cikin wannan hali ba daƙiƙi ba ne, kada a karya masa zuciya.

Sai dai sake zama ba tare da gano inda aka yi tuntuɓe ba asarar shekara ce. A karɓar ɗalibai ta gwamnati nisba ce ke magana, kuma daga darussa bakwai ake fitar da ita: Larabci, Ingilishi, addini da lissafi, sannan fiziya, kimiya da ilimin halittu. Nauyinsu ɗaya ne. Maki bakwai da suka zube a Ingilishi sun cinye kashi ɗaya cikin ɗari na nisba, alhali kulliya irin ta Hartum sai an haura casa'in ake maganarta. Mun ga yaran da suka ƙare shekara suna haddar ilimin halittu, wanda dama sun iya, suka bar Ingilishi da lissafi inda ramin yake. Ɗan da ya tashi da Hausa a gida, Larabci a makaranta, Ingilishi harshe na uku ne gare shi, kuma ba ya gyaruwa a watan ƙarshe. Ya ɗauko takardar sakamakonsa, ya zauna da malami, su ware darussa biyu mafi rauni, su ba su rabin lokacinsa. Wanda kuwa ya yi allo, kada ya raina addini da Larabci don yana ganin nasa ne. Sakaci a nan ya sha kayar da mahaddata.

Wajen cike zaɓi ma ana yin ɓarna. Wasu Hartum kaɗai suke hange. Jami'ar Jazira da aka kafa a 1975 ta yi suna ne da horar da likita a cikin ƙauyuka, inda zazzaɓin cizon sauro da tsargiya suke, ga kuma kulliyoyin Sinnar, Gadarif da Kasala. A kuma duba lambar ɗan ƙasa tun da wuri, suna ya zo daidai a kowace takarda, domin mutanenmu sun san wahalar gyaran takardu.

Game da 'yan mata, a nan Rufa'a Babikir Badri ya buɗe makarantarsu a 1907. Abin kunya ne a garin nan a ba namiji dama ta biyu, ita kuwa a ce ta haƙura, sannan gobe mu riƙa neman likita mace mu rasa. Malamai sun sanya ilimin likitanci cikin farillan kifaya, don haka nauyin yana kan jama'a duka. Masallacin da ke da sola ya buɗe ɗaki bayan Isha'i, a nemo malaman da suka yi ritaya, a haɗa musu abin hasafi.

Idan tazarar maki biyu ce ko uku, ya sake zama. Idan nisbarsa ba ta kai tamanin ba, a gaya masa gaskiya, ya dubi jinya, ungozoma ko aikin awon jini, kafin uba ya sayar da gona don karatun kuɗi na shekaru da ba zai iya kai wa ƙarshensa ba.