Turancin Takarda Da Turancin Kunne

Ya 'yan'uwa mazauna Zango, 'yan kasuwa da iyayen yara, ina roƙo ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan, domin a kan kunne maganata ta ke.

A shekarar 2024 Allah Ya nufe ni da raka Malam Liman aikin Hajji. Kowa ya ji irin zafin da aka yi a Makka a wannan shekara, ya haura digiri 50, har hukumar Saudiyya ta ce alhazai fiye da 1,300 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. To, ran nan a masaukinmu na Misfala wani dattijo cikin ayarinmu ya yanke jiki ya faɗi. Muka kai shi asibiti tare da wani saurayinmu wanda ya gama sakandare, mai karanta jarida tiryan-tiryan, shi ke cika mana takardu tun daga gida. Likitan mutumin Indiya ne, mai jinyar kuwa 'yar Filifin. Larabcina na littafi ne, nasu kuma kaɗan ne, sai aka koma Turanci. Suka tambayi irin maganin da tsohon ya ke sha. Saurayinmu ya yi tsuru-tsuru, aka maimaita har sau uku bai kama ba. Da rubuta masa aka yi, da nan take ya karanta. Kunnensa ne bai saba da bakinsu ba.

Wanda ya fitar da mu wani yaro ne Bahaushe haifaffen Makka, jikan mutanenmu da suka zauna wajen Shara Mansur tun zamanin tafiyar ƙasa. Ya zo duba wani ne, ya ji muna Hausa, ya matso ya yi tafinta. Aka ɗaura wa tsoho ruwa, ya farfaɗo.

Da hankali ya kwanta na tambaye shi inda ya sami wannan kunne. Ya ce shi ɗalibi ne a Jami'ar Ummul Ƙura. Ya fito da wayarsa ya jiyar da ni hirarrakin 'yan makaranta da aka ɗauka don masu koyo: wani na tambayar hanyar ɗakin littattafai, wasu biyu suna ciniki a kan kuɗin haya, wata tana neman aron littafi. Kowane dare yakan saurari guda. Farko ba ya duban rubutu, sa'an nan ya sake ji, a na uku ya bi da ido, daga nan ya maimaita da bakinsa. Ya ce yana shirin jarrabawar IELTS, inda a ke amsa tambaya 40 cikin kamar minti 30, sau ɗaya tak kuma a ke kunna maganar. Ya ƙara da cewa tun 2021 a ajin farko na firamare a ke fara Turanci a ƙasar.

Ni ban taɓa zama a bencin boko ba, ɗan Turancina a kasuwa na tsince shi. Amma da na ji bayaninsa sai na ce, ashe wannan ai hanyar makarantar allo ce. Malam ya biya, almajiri ya saurara ya maimaita, da dare a yi tilawa. Wa ya taɓa koyon madda da gunna daga allo kaɗai, ba tare da bakin malami ba? Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a sha'anin harshe ji ne gaba.

Na san wasu dattawa za su ce hirar haya da aron littafi ai surutun banza ne. To, likita da ɗan sanda da mai sayen kayanka ba wanda zai yi maka magana irin ta littafi. Da sauri za su yi, suna haɗiye haruffa, kowa da karin harshen garinsu. Wasu kuma suna tsoron kada Turanci ya kori Hausa da Larabci. Yaron nan da harshe uku ya tsaya a gabanmu, ba wanda ya ture wani.

Mu dawo gida. 'Ya'yanmu a nan Gana, a jarrabawar WAEC ta ƙarshen sakandare, akwai sashen da a ke kunna musu magana su saurara su amsa. Yaron da a gida Hausa ya ke ji, a kasuwa Tuwi, ina zai saba in ba a tanadar masa ba? Haka kuma fatakenmu masu zuwa Dubai da Sin, in mutum bai rarrabe goma sha biyar da hamsin a bakin Turanci ba, uwar kuɗi ce za ta yi kuka.

Saboda haka ina ba Ƙungiya shawara uku. Na ɗaya, a ware rabin sa'a kowace Asabar bayan La'asar a makarantarmu, waya ɗaya da lasifika sun isa. Na biyu, malaman boko na cikinmu su zaɓo hirarraki masu tsabta, a riƙa sauya baki, yau na Ingila, gobe na Indiya ko Amurka. Na uku, mu manya mu zauna tare da yaran, kada girman kai ya hana mu. Ni zan fara zama a sahun gaba. Wanda kuma ya ga ɗansa da abin ji a kunne, ya tambaye shi abin da ya ke saurare tukuna kafin ya yi faɗa.

Allah Ya buɗe kunnuwanmu ga abin da zai amfane mu, amin. Haza wasalam.

Naku,
Magatakardan Liman