Kwaman Entirans: Kafin A Sayo Littafin Tambayoyi, A Duba Ko Yaron Ya Iya Karatu

Jama'a, a wannan makon bari mu taɓo batun 'ya'yanmu 'yan aji shida na firamare. Da zarar makaranta ta aiko da takardar kuɗin rajistar jarrabawar shiga sakandare, wadda muke kira kwaman entirans, sai gida ya ɗauki zafi. A nemo malamin lesin, a sayo littafin tambayoyin shekarun baya mai kaurin bulo, a hana yaro ƙwallo, a hana yarinya wasa da ƙawayenta. A cikin wata uku ake so a ɗura wa yaro abin da ya kamata ya sha a shekara shida. Mu dai a ganinmu wannan hanyar wahala ce da asarar kuɗi, kuma tana tsallake ainihin inda gizo ke saƙar.

Mu fara da sanin jarrabawar kanta. Ta ƙasa, hukumar NECO mai hedikwata a Minna ce ke shirya ta, domin zaɓen yaran da za su shiga makarantun sakandaren gwamnatin tarayya, waɗanda yawansu ya haura ɗari. A cikinsu akwai kwalejin tarayya ta Sakkwato, ɗaya daga cikin na farko da aka buɗe a 1966, da ta Kano, da ta Daura, da na 'yan mata da ke Kazaure da Bakori da Minjibir. Jihohi ma suna shirya tasu don makarantunsu. Ana tambayar lissafi, Turanci, kimiyya da zamantakewa, sannan akwai sashen gwajin basira na lambobi da na kalmomi. Yaro zai zaɓi amsa ne ya cike gurbinta da fensir, na'ura ce ke maki. Kuma duk tambayoyin nan, daga ta farko har ta ƙarshe, da Turanci aka rubuta su.

A nan ne maganar take. Ɗauki yaron da ke taya mahaifinsa tsaron shago. Ka sayi kayan naira 650, ka miƙa masa dubu ɗaya, kafin ka ƙifta ido ya ba ka canjin 350. Ka ce masa mudu uku ne a kan kaza, nawa ne mudu bakwai, zai lissafa maka a ka. Amma rubuta masa wannan tambayar a jimla uku ta Turanci, sai ya tsaya yana kallon takarda. Malami ya ce ba ya ja a lissafi, uba ya ƙara kuɗin lesin lissafi. Alhali yaron ya iya lissafi sarai, abin da aka tambaye shi ne bai gane ba. Yaran da ke faɗuwa ta wannan hanyar suna da yawa a gidajenmu, kuma babu yawan haddar amsoshi da za ta cece su, domin mai tsara jarrabawa yana canza lamba ɗaya ko kalma ɗaya hadda ta rushe.

Gwajin ba shi da wuya, kuma ba ya cin ko kwabo. A daren yau a ɗauko littafin Turancin yaron, a buɗe shafin da ba a taɓa karantar da shi ba, a ce ya karanta sakin layi ɗaya a bayyane. In ya gama, a rufe littafin a ce ya faɗi abin da ya karanta da Hausa. Wani zai karanta tiryan-tiryan kamar mai labarai a rediyo, a ce ya fassara ya yi shiru. Wannan furta haruffa ya iya, bai iya karatu ba tukuna. Gara a gano haka a gida tun da sauran lokaci, da a gano ranar da sakamako ya fito.

Maganin kuwa shi ne a mai da wannan gwajin abin kullum. Minti ashirin bayan sallar isha'i ko kafin a tafi makaranta, yaro ya karanta, ya bayyana da Hausa, kalmar da ta gagare shi ya rubuta ta a wani ɗan littafi ya tambayo malaminsa gobe. Uwar da ba ta yi boko ba ma za ta iya, don aikinta sauraro ne: in labarin da yaron ya ba ta bai haɗu ba, ta san bai gane ba. In akwai yaya ko yayar da ke sakandare, a ɗora musu. A haɗa da haddar jadawalin sau, har sau goma sha biyu, ta zauna daram, saboda yaron da ke ƙirga bakwai sau takwas da yatsu lokaci zai ƙare masa bai kai rabin takarda ba. Rabi da sulusi da rubu'i kuma a koya su a kan lemo da burodi kafin a kai su allo.

Ba mu ce littafin tambayoyin baya ba shi da amfani ba. Yana da shi, musamman a sashen gwajin basira, inda ake ba yaro misali ya gano dabarar da ke ciki ya bi ta. Wanda bai taɓa ganin irinsu ba zai rikice ko da yana da ƙwaƙwalwa. Amma a yi amfani da shi kamar jarrabawa ta gaske, sau ɗaya a mako, da agogo a gaba, a kuma koya masa cike gurbin amsa da kyau da duba lambar tambaya kafin ya cike. Yaro yakan tsallake layi ɗaya, duk amsoshin da suka biyo baya su sauka a gidan da ba nasu ba.

Wani zai ce, ai mu 'yan Arewa makin da ake nema a wurinmu kaɗan ne, me zai sa mu takura? Gaskiya ne ana raba guraben ne da la'akari da jihohi. A 2013 an yi ta cece-kuce a ƙasar nan da aka ga ɗan Anambra sai ya ci 139 cikin 200, yayin da a wasu jihohinmu makin bai kai 10 ba. To amma ƙaramin maki ƙofar makaranta kawai yake buɗewa. In an shiga, aji ɗaya za a zauna da wanda ya ci 139, malami ɗaya, littafi ɗaya, kuma babu wanda zai rage gudu don ɗanmu. Haka abin yake ga waɗanda ke biyan kuɗi a “taimaka” wa yara a zauren jarrabawa. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ya ga babba ya rubuta masa amsa a allo da sanin iyayensa, wane darasi muke zaton ya ɗauka zuwa sakandare?

Sai ɗabi'ar nan ta cire yaro daga aji huɗu ko biyar a tura shi ya zana, don a ce ɗan wane ya shiga sakandare yana shekara tara. Wasu makarantun kuɗi ma aji shida ya zama kufai a cikinsu. Tsarin ƙasa shekara shida ya ce, kuma ajin ƙarshen nan ne ake ɗaure abin da aka koya a baya. Gaggawar ta iyaye ce, yaron ne ke biyan bashin a gaba.

A kuma duba jadawalin yaron da idon tausayi. Boko da safe, Islamiyya da yamma, lesin a tsakani, wani har da makarantar dare. In yarinya ce, ga wanke-wanke da rainon ƙanne a kai. Ba a ce a bar Islamiyya ba, amma in za a ƙara lesin, dole a rage wani abu, kuma kada ya zama barci ne aka rage. Bulala ma a ajiye ta a lokacin karatun gida. Yaron da ke tsoron duka ba zai taɓa cewa “ban gane ba”, kuma wannan kalmar ce muke buƙatar ji daga bakinsa.

Idan ranar ta matso, a je da shi ya ga cibiyar da zai zauna tun kafin ranar, don sau da yawa ba makarantarsu ba ce. A tanadi katin shaidarsa mai hoto, fensir biyu ko uku a fiƙe, da abin gogewa mai kyau. Daren jarrabawa kada a buɗe littafi, ya kwanta da wuri. Da safe ya karya da abin da ya saba ci, a yi masa addu'a, a fita da wuri saboda cunkoson hanya.