Sharhi: Daga a-kori-kura zuwa babbar mota, lissafin da ke gaban masu jigilar kaya a Mubi

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur, lissafin masu jigilar kaya ya sauya a duk faɗin Najeriya. Litar da ake sayarwa ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ta zarce Naira 1,000 a watan Oktoba na 2024. A garuruwan da cinikinsu ya dogara kacokan a kan mota, irin su Mubi da ke arewacin Jihar Adamawa, tambayar da ke gaban mai a-kori-kura ita ce ko ya ci gaba da yin sawu biyu ko uku da ƙaramar motarsa, ko kuwa ya sayar da ita ya nemi wadda za ta kwashe kayan a sawu ɗaya.

A takarda, amsar tana da sauƙi, domin babbar mota tana rage abin da ake kashewa a kan kowane buhu. Sai dai wannan ribar tana rataye ne a kan abubuwa uku da ba kasafai ake sa su cikin lissafi ba: ƙarfin birki, lafiyar hanya da gadoji, da kuma samun kayan da za a ɗauko a dawowa. Idan aka rasa su, abin da ya sauya kawai shi ne girman motar da ake yi wa lodin wuce kima, da girman asarar ranar da tsautsayi ya auku.

Dalilin da ya sa batun ya fi tsanani a Mubi

Mubi, mai ƙananan hukumomi biyu, Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, tana kusa da tsaunukan Mandara da iyakar Kamaru. Kasuwar shanunta, wadda ake kira Tike, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa maso Gabas, kuma shanu na shigo mata daga Kamaru da Chadi kafin a loda su zuwa kudancin ƙasar. Baya ga dabbobi, garin matattara ce ta masara, dawa, wake da gyaɗa daga Maiha, Hong, Michika da Madagali.

Jihar Adamawa ba ta da layin dogo. Tsohon layin da ya taso daga Fatakwal zuwa Maiduguri ya bi ta Bauchi da Gombe ne, bai leƙo jihar ba. Saboda haka duk buhun hatsi da duk saniyar da ta bar Mubi, a kan taya take tafiya. Jigilar tana da matakai: babur da keke mai ƙafa uku suna fito da kaya daga gona, a-kori-kura da kanta suna kai su kasuwa, sannan tirela ta ɗauke su zuwa Yola, mai nisan kusan kilomita 200 ta Hong, Gombi da Song, daga nan kuma zuwa Jalingo, Wukari da biranen kudu.

Masu motocin garin sun sha wuya a shekarun baya. A ƙarshen Oktoba na 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye Mubi, kuma ko da yake an ƙwato garin a watan Nuwamba, 'yan kasuwa da dama sun yi asarar jarinsu. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a fara buɗe wasunsu ba sai Disamba na 2020. Wanda ya tsallake waɗannan matsaloli da mota ɗaya a hannunsa ba ya da jarin da zai yi caca da shi.

Abin da kamfani ya ƙayyade da abin da ake ɗorawa

Kowace mota tana fitowa daga masana'anta da adadi biyu da ya kamata mai saye ya sani: nauyin da za ta ɗauka a bayanta, da nauyin da za ta iya ja. Motoci irin su Toyota Hilux an ƙera su ne su ɗauki kimanin tan ɗaya, wato buhu 10 na masara mai kilo 100, kuma direba da fasinjoji suna cikin wannan lissafi. Wasu samfuransu na baya-bayan nan suna iya jan ƙaramar tirela mai nauyin da ya kai kilo 3,500, amma da sharaɗin tirelar tana da nata birkin. Idan ba ta da birki, iyakar da aka saba sanyawa ita ce kilo 750.

A Amurka, inda jan tirela da a-kori-kura ya zama ruwan dare ga manoma da masu kiwo, wanda kayansa suka fi ƙarfin motarsa yakan koma ga samfura irin su Ford F-350, waɗanda ke jan fiye da tan 10. A can tirelar tana da birki mai aiki da lantarki wanda direba ke sarrafawa daga cikin mota. A arewacin Najeriya kuwa, hanyar da aka fi bi ita ce a kai motar wurin mai walda ya ƙara mata sifirin, ya ɗaga bodi, a ɗora mata ninki biyu na abin da aka ƙera ta ta ɗauka.

Ƙarin sifirin yana hana bayan mota zama ƙasa, amma ba ya ƙara wa birki komai. Motar da nauyinta ya ninka tana buƙatar birkin ya shanye ninki biyu na ƙarfin tafiyarta kafin ta tsaya, idan kuma gudunta ne ya ninka, abin ya koma ninki huɗu. A gangara mai tsawo birki yakan yi zafi har ya daina kamawa, taya kuma ta fashe saboda nauyin da ya zarce wanda aka rubuta a jikinta. Ta wannan fuska, komawa ga motar da aka ƙera domin ɗaukar tan uku ko biyar mataki ne na hankali, muddin tan uku ko biyar ɗin za a ɗora mata. Matsalar ita ce al'adar lodi takan bi mai mota zuwa sabuwar motarsa.

Kuɗin da ba a gani sai an saya

Farashin motar shi ne cikas na farko. Tun ranar 1 ga Janairu, 2017 aka haramta shigo da motoci ta iyakokin tudu, don haka mota mai takardun kwastam na halal ta tashar jiragen ruwa take shigowa, ko da kuwa mai sayenta yana zaune a bakin iyaka. Bayan sakin darajar Naira a watan Yuni na 2023, Dalar Amurka da ake canzawa a kan kimanin Naira 460 a hukumance ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Wannan ya shafi kuɗin motar, kuɗin fito, taya, batir da duk wani kayan gyara.

Sauran ɗawainiyar ma takan girma tare da motar. A sabon tsarin inshorar da Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, ta fara aiki da shi a Janairu na 2023, ƙaramar motar gida tana biyan Naira 15,000 a shekara, babbar motar dakon kaya kuwa Naira 100,000. Lasisin tuƙi ma aji-aji ne, kuma wanda ake tuƙa ƙaramar mota da shi bai halatta wa mutum tuƙa tirela ba. Akasarin manyan motoci da man dizal suke aiki, wanda aka daɗe da sakar wa kasuwa farashinsa, kuma shi ma ya haura Naira 1,000 a wannan tsakani.

Sai kuma batun dawowa. Jigilar amfanin gona tana da lokacinta: da kaka kaya sun fi motoci yawa, da damina kuma motoci sun fi kaya yawa. Babbar motar da ta kai hatsi Yola ta dawo wayam ta ƙona mai a banza na rabin tafiyarta. Wanda ke da tabbacin ɗauko siminti, taki ko kayan masarufi a dawowa shi ne zai ga ribar girman motar. Ga wanda bai da wannan tabbaci, musamman idan da bashi ya saya, matsin biyan kuɗi shi ne ke tura shi ga ƙara buhu a kan buhu.

Hanya ce ke biyan diyya

Asarar lodin wuce kima ba ta tsaya kan mai mota ba. Wani gwajin hanyoyi da aka gudanar a Jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa ɓarnar da mota ke yi wa kwalta tana ƙaruwa fiye da yadda nauyinta ke ƙaruwa. Idan nauyin da ke kan aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin dama da na hagu, ya ninka sau biyu, ɓarnar takan ninka kusan sau 16. Shi ya sa injiniyoyi ke auna nauyin da ke kan kowane aksul, ba jimillar kayan kaɗai ba, kuma shi ya sa mota mai aksul da yawa ta fi sauƙi ga hanya a kan gajeriyar mota da aka danƙara wa kaya.

Ƙungiyar ECOWAS ta amince da ƙa'idar bai-ɗaya kan nauyin manyan motoci a 2012, Najeriya kuma ta fitar da nata dokokin a 2018. Aiwatar da su yana buƙatar ma'aunin nauyin motoci a kan hanya da kuma wuraren lodi. Inda babu ma'auni, jami'i da idonsa yake hukunci, kuma hukuncin ido shi ne ke buɗe ƙofar ciniki a bakin titi. Kamaru, wadda ba ta cikin ECOWAS, tana da nata dokokin da tashoshin awo a kan manyan hanyoyinta, abin da ke nufin direban da ke tsallaka iyaka yana aiki ne ƙarƙashin tsari biyu.

Yankin ya riga ya ɗanɗana abin da rasa gada ke jawowa. Gadoji irin na Kudzum da Dilchim da ke arewacin Mubi sun lalace a lokacin rikicin Boko Haram, aka shafe shekaru ana ratse ta cikin rafi. A daminar 2024 ambaliya ta karya gadar Namnai a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, hanyar da motocin shanu ke bi zuwa kudu maso gabas. A irin wannan yanayi ƙaramar mota takan samu ratse ko ta hau kwalekwalen fito, amma babbar mota sai dai dogon zagaye.

Akwai kuma batun rayuka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi kan ɗora mutane a saman kaya ko tare da dabbobi. Tsadar kuɗin mota ce ke sa talaka hawa saman lodi, kuma idan irin wannan mota ta kife, adadin mamata yakan yi yawa.

Inda mafita take

A watan Yuli na 2024 Gwamnatin Tarayya ta ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi, aka kuma naɗa Alhaji Idi Mukhtar Maiha, ɗan Jihar Adamawa, ya jagorance ta. Ɗaya daga cikin tambayoyin da ke gaban ma'aikatar shi ne ko za a ci gaba da jigilar shanu da ransu na tsawon kwanaki a mota, ko za a kafa mayanka ta zamani kusa da kasuwanni irin na Mubi a riƙa kai nama cikin motoci masu sanyi. An taɓa gwada ɗaukar shanu a jirgin ƙasa daga Gusau zuwa Legas a 2016, amma wannan zaɓi ba ya gaban garin da dogo bai isa ba. Yajin aikin fataken abinci da dabbobi na ƙarshen Fabrairu 2021, wanda ya ɗaga farashin nama da kayan miya a kudu cikin 'yan kwanaki, ya nuna yadda ƙasar ta dogara da waɗannan motoci.

Kafin a kai ga manyan tsare-tsare, akwai matakan da ke kusa. Ma'aunin nauyi a ƙofar kasuwar shanu da ta hatsi zai kama lodin wuce kima tun kafin motar ta hau titi, kuma gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin da ke karɓar haraji a kasuwannin suna da hurumin kafa shi. Ƙungiyoyin direbobi da na masu motoci, irin su NURTW da NARTO, su ne ke tsara layin lodi, don haka su ne suka fi kowa damar haɗa mai mota da kayan dawowa. Mallakar haɗin gwiwa, inda 'yan kasuwa uku ko huɗu za su sayi mota ɗaya, tana rage matsin bashi a kan mutum guda. Bankuna da Hukumar Raya Yankin Arewa maso Gabas, wadda aka kafa da dokar 2017, za su iya ɗaura duk wani lamunin sayen mota da sharaɗin bin ƙa'idar nauyi da horar da direba.

Ga mai a-kori-kura da ke tunanin sauyi, lissafin da ya dace ya fara da shi shi ne na kayan da yake da tabbacin samu a cikin watanni 12 na shekara, ba na makonnin kaka kaɗai ba, sai nauyin da kamfani ya rubuta a jikin motar da yake so, sannan yanayin gadojin da ke kan hanyarsa. Hausawa na cewa daidai ruwa, daidai tsaki. Idan waɗannan ukun suka daidaita, babbar mota za ta rage masa ɗawainiya, ta kuma rage wa mai saye a Yola ko Anacha kuɗin buhu. Idan ba su daidaita ba, gara ya riƙe ƙaramar motarsa, ya gyara mata birki, ya ɗora mata abin da aka ƙera ta ta ɗauka.