Kumburin muƙamuƙi marar zafi: kada mu jira sai ya girma

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Ƙonni, Malbaza da Illela, yau za mu yi magana kan wata cuta da muke gani a garuruwanmu, amma muke yin shiru a kanta. Ita ce kumburin muƙamuƙi, wanda ke girma a hankali ba tare da zafi ba.

Mu da muke zagaya cibiyoyin yaƙi da jahilci mun sha ganin haka. A wata cibiya, wata ɗaliba mai ƙwazo ta fara rufe kuncinta da mayafi. Bayan damina biyu ta daina zuwa karatu. Da muka tambaya, sai aka ce tana jin kunyar fuskarta. An yi mata tsaga, an yi mata ƙaho, an sha sassaƙe. Kumburin bai ragu ba.

Mene ne wannan ciwo? Haƙori yana fara tsira ne tun ɗa yana cikin uwarsa. A cikin ƙashin muƙamuƙi akwai ɗan nama mai gina haƙori, kamar iri a cikin ƙasa. Daga gare shi ne haƙoran nono 20 ke fitowa, sannan haƙoran girma 32. Idan aikin ya ƙare, ɗan guntun naman nan yakan saura cikin ƙashi. A jikin wasu mutane, guntun yakan farka ya yi ta girma, ya zama ƙari. Wanda aka fi gani a asibitocin Afirka ta Yamma shi ne wanda lokotoro ke kira amelobilastoma. Cikin mutum 10 masu shi, kusan 8 a muƙamuƙin ƙasa yake kama su, galibi wajen haƙoran tauna. Ya fi kama matasa da magidanta, wato masu ƙarfin noma.

Wannan ƙari ba sankara ba ne, bai cika yaɗuwa zuwa sauran jiki ba. Ba a ɗaukarsa wajen cin tuwo ko shan fura tare. Ba jifa ba ne, ba aikin iskoki ba ne. Amma yana cin ƙashi daga ciki kamar yadda gara ke cin azara. Haƙora su yi girgiɗi, su kauce daga wurinsu, fuska ta karkace. Daga baya tauna da magana su gagara.

Mu bambanta shi da wasu ciwace-ciwace. Ruɓar haƙori mai ɗiwa tana zuwa da zafi da zazzaɓi cikin ƴan kwanaki. Hangum yakan kama yara, ya wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Kumburin da ya taso wa yaro da sauri cikin ƴan makonni kuwa, a gaggauta kai shi asibiti, domin yana iya zama sankara. Shi ƙarin da muke magana a kai yakan yi watanni ko shekaru yana girma.

Ra'ayinmu shi ne: rashin zafin nan shi ke yaudararmu. Mun saba sai ciwo ya kwantar da mutum muke neman magani. Wannan ba ya kwantarwa sai ya gama ɓarna. Tsagar wanzami ba ta kai gare shi, domin yana cikin ƙashi. Gyambo kawai take ƙarawa. Maganinsa shi ne aikin tiyata. Idan yana ƙarami kamar goro, aikin ƙarami ne. Idan ya girma, sai an cire wani sashe na muƙamuƙi, a ɗebo ƙashi daga haƙarƙari, ƙugu ko ƙafa a cike gurbin.

Mun san abin da wasu za su ce: babu kuɗi, kuma tafiya da nisa. Gaskiya ne, daga Ƙonni zuwa Ƴamai ya fi kilomita 400. Amma jira ba ya rage kuɗi, ƙara shi yake yi. Matakin farko kuma yana kusa da mu. A fara zuwa likitar karkara. Daga nan akwai asibitin Ƙonni da na Illela, da asibitin Galmi wanda aka buɗe a 1950, da babban asibitin Tawa. A nemi a ɗauki hoton ƙashin. Idan aikin babba ne, lokotoro zai ba da takardar zuwa Ƴamai.

Maigida, idan ka sayar da albasa ko wake, ka ware kuɗin wannan tafiya kafin na biki. Kada ka mayar da matarka gidansu don fuskarta ta kumbura. Ka raka ta asibiti. Dangi, ku yi karo-karo kamar yadda kuke yin gayya a gona. Wanda aka yi wa aiki kuma, ya riƙa komawa a duba shi shekara da shekaru, domin ƙarin yakan dawo idan wani guntu ya saura. Ya adana takardunsa da hotonsa.

Mu da muka iya karatu, mu karanta wa maƙwabta wannan shafi. Duk kumburin muƙamuƙi da ya wuce mako biyu, ko da zafi ko babu, a nuna wa lokotoro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu lafiya.