Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirya Ɗaliban Sakandare Don Jarrabawar Adabin Ingilishi

Gabatarwa

Duk shekara, da zarar jarrabawar kammala sakandare ta gabato, akan ga 'yan littattafan taƙaitawa sun cika jakunkunan ɗaliban da suka ɗauki darasin Adabin Ingilishi. A cikinsu an tsamo labarin kowane littafi a shafi biyu ko uku, an jera sunayen taurarinsa, an kuma kawo tambayoyin shekarun baya da amsoshinsu. Ɗalibi ya haddace, ya shiga zauren jarrabawa, alhali kuwa bai taɓa buɗe ainihin littafin da aka ɗora masa ba. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta nuna cewa wannan hanya ba ta fid da ɗalibi, kuma malamin da ke koyar da 'ya'yan Hausawa yana da wadda ta fi ta a kusa da shi, wato ya sa su karanta littafin kansa, yana yi musu jagora da adabin da suka tashi a cikinsa.

Yadda Jarrabawar Take

Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, wadda aka kafa a 1952, ita ke tsara wannan jarrabawa. A manhajar da ta yi aiki daga 2021 zuwa 2025 an kasa ta gida uku. Takarda ta farko tambayoyin zaɓi ne guda 50 cikin awa ɗaya: 20 a kan sanin adabi gaba ɗaya, 10 a kan wani zube da wata waƙa waɗanda ɗalibi bai taɓa gani ba, sauran 20 kuwa a kan wasan Shakespeare da aka zaɓa. Takarda ta biyu ta ƙagaggun labarai ce, ta uku kuma ta wasan kwaikwayo da waƙa, kuma duka biyun rubutun sharhi ake yi a cikinsu.

Wanda ya dubi wannan tsari da idon basira zai ga inda hadda ke gazawa. Waƙar da ɗalibi bai taɓa gani ba, babu ɗan littafin da zai haddace masa ita. A tambayoyin Shakespeare kuwa, yanko magana ake yi daga cikin wasan, a nemi sanin wanda ya faɗe ta, da wanda aka faɗa wa, da abin da ya jawo ta. A takardun sharhi kuma, mai duba takarda hujja yake nema daga cikin littafi, kuma wanda ya zauna ya zayyana labari daga farko har ƙarshe bai amsa abin da aka tambaye shi ba. Ashe ke nan, ko da cin jarrabawa kaɗai aka sa a gaba, gani ya kori ji.

Jarin Da Ɗalibi Ya Zo Da Shi

Akan ji wasu malamai na cewa ɗan Bahaushe ba ya gane adabi saboda raunin Ingilishinsa. Raunin harshe gaskiya ne, amma sanin adabi daban, sanin harshen da aka rubuta shi daban. Yaron da ya tashi yana jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ya san tauraro mai wayo da makirci. Wanda ya saurari Mamman Shata ko Salihu Jankiɗi ya san zambo da habaici da kirari tun kafin a gaya masa sunayensu a aji. Daɗin daɗawa, manazarta irin su Abdulƙadir Ɗangambo sun riga sun daidaita kalmomin feɗe adabi da Hausa: jigo da warwararsa, zubi da tsari, salo, kamantawa, siffantawa, mutuntarwa, alamtarwa da amsa-amo. Galibin kalmomin da ake tilasta wa ɗalibi ya haddace da Ingilishi suna da takwara a cikin waɗannan. Idan malami ya fara kafa ma'anar da misalin da yaro ya sani, sa'an nan ya ba shi sunan Ingilishin, to abin zai zauna masa.

Alal misali, a ɗauki wasan Wole Soyinka mai suna The Lion and the Jewel, wanda aka fara nunawa a Ibadan a 1959, yana kuma cikin waccan manhaja. Tsohon basarake ne, Baroka, yake neman ƙara aure da budurwar ƙauye, Sidi, uwargidansa Sadiku ce 'yar aike, ga kuma malamin makaranta Lakunle da ke son yarinyar amma ya ƙi biyan kuɗin aure da sunan wayewa. Wace ɗaliba ce a Katsina ko Haɗeja za a yi wa dogon bayani kafin ta gane wannan? Ko wasan John Osborne na 1956, Look Back in Anger, da ake ganin ya yi nisa da rayuwar ɗaliban wannan ƙasa, tauraronsa Jimmy Porter ɗan talaka ne da ya yi jami'a ya ƙare da sayar da alewa a kasuwa, ya kuma auri 'yar wani kanar yana huce haushinsa a kanta. Yaron da yayansa ya gama jami'a yana zaune babu aiki ya riga ya san mafarin wannan fushi. Shakespeare ma ba baƙo ba ne ga Hausa, domin Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara ɗaya daga wasanninsa da sunan Daren Sha Biyu tun 1971.

Uzurorin Da Ake Kawowa

Uzuri na farko shi ne ƙarancin lokaci. To, a ƙidaya a gani. A waccan manhaja, abin da ke kan ɗalibi littattafai biyar ne, wato labarai biyu da wasanni biyu da na Shakespeare, sai waƙoƙi 12. Babbar sakandare kuwa shekara uku ce, zango tara, kuma sunayen littattafan sanannu ne tun kafin ya shiga ajin farko. Ko an cire zangon ƙarshe da ake jarrabawa a cikinsa, saura takwas. Lokaci yana ƙurewa ne kawai idan aka jinkirta karatun sai shekarar ƙarshe.

Uzuri na biyu shi ne tsadar littattafai, kuma wannan yana da ƙarfi. Amma kuɗin da ake kashewa a kan 'yan littattafan taƙaitawa, da an haɗa shi, da aji ya sami kofe goma da za a riƙa karɓa-karɓa. Wasan kwaikwayo ma ba ya bukatar kofe da yawa, illa a raba wa ɗalibai matsayi su tashi su kwaikwaya. Wanda ya taɓa zama Lakunle a gaban aji ba zai manta wanda ya faɗi wace magana ba.

Uzuri na uku shi ne tsoron kada shigo da Hausa ya raunana Ingilishin ɗalibi, tun da da Ingilishi zai amsa tambaya. Wannan tsoro yana da tushe idan malami ya mai da darasin fassara zalla. Abin da ya dace shi ne a yi amfani da Hausa wajen buɗe ma'ana, karatu da rubutu kuwa su kasance da Ingilishi, kowane mako ɗalibi ya rubuta ɗan sharhi, malami ya duba ya gyara. Inda aji ya haɗa yara masu harsuna daban-daban, sai a bar kowa ya kawo misali daga adabin gidansu.

Kammalawa

Nauyi a nan bai tsaya a kan malaman Ingilishi kaɗai ba. Sassan Hausa na jami'o'i su ke riƙe da kalmomin feɗe adabi, kuma yawancin ɗalibansu aikin koyarwa a sakandare ke jiransu. Ya kamata waɗannan sassa su haɗa kai da sassan Ingilishi su fitar da ɗan ƙamus na kalmomin adabi cikin harsunan biyu, kowace kalma da misalinta daga adabin Hausa da na Ingilishi. Haka kuma malamin Hausa da na Ingilishi a makaranta ɗaya su daidaita darussansu, yadda makon da ake koyar da siffantawa a wannan aji shi ne ake koyar da ita a wancan. Idan aka yi haka tun daga shekarar farko, ɗalibi zai shiga zauren jarrabawa da sanin littafinsa, ya kuma fita da abin da zai amfane shi bayan an manta da sakamakon. Allah Ya sa a gyara.